Kafin a Yi wa Kwamfuta Fomatin

Duk wanda laftof ɗinsa ta tsufa ta fara tafiyar hawainiya, magana ɗaya zai ji duk inda ya kai ta: "Malam, bairos ne, sai an yi fomatin." Haka ake cewa a nan Izom, haka ake cewa a shagunan Suleja. Ni sana'ata buga takardu ce: tambayoyin jarrabawa na malaman makaranta, takardun neman aiki, da rajistar ɗalibai idan lokacin NECO da JAMB ya zo. Da tsohuwar na'ura nake yi, 'yar Beljiyam mai Core i5 zubi na uku, ƙirar wajen 2012. Zaman da na yi da ita, da na maƙwabta da ake kawo mini in duba, ya nuna mini nauyin kwamfuta iri-iri ne, kowanne da alamarsa. Fomatin iri ɗaya kawai yake warkarwa, kuma a abin da na gani ba shi ya fi yawa ba.

Yanzu idan aka kawo mini, tambayar da nake fara yi ita ce: yaushe take yin nauyin? In da safe garau take, sai ta ɗan jima tana aiki sannan ta fara maƙalewa, to zafi ne. Izom a bakin hanyar Suleja zuwa Minna take, tankoki da tireloli ba sa yankewa, ga ƙurar hunturu, sannan Maris da Afrilu su zo da zafinsu. Fankar cikin na'ura tana zuƙar iska ne tare da duk abin da ke cikinta. A hankali ƙura ta dunƙule tsakanin fankar da ƙarafan da ke fitar da zafi, ta toshe hanya. Shi kuwa furosesa, da zarar ya doshi digiri 95 zuwa 100, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Sa hannu a ƙofar iska ta gefe: in fanka na ihu amma iskar da ke fitowa ba ta taka kara ta karya ba, an gano inda gizo ke saƙa. A buɗe, a share, a goge busasshen man tokar nan da ke kan furosesa a shafa sabo. Masu ɗora ta kan katifa suna kallon fim kuwa, su suke toshe mata hanci da hannunsu.

Abin da ya fi ba ni mamaki caja ce. Wani malamin firamare ya kawo mini tasa, an yi mata fomatin a Suleja, ya rasa sakamakon ɗalibansa na zango guda, amma nauyin na nan daram. Na danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya buɗe, sai ga furosesa a tsaye cak a kan 0.79 GHz, alhali ya kamata ya wuce 2. Na zare caja, gudu ya tashi. Na mayar, ya faɗi. Na ce, "Malam, wannan cajar da ita ta zo?" Ya ce a'a, ta asalin ta ƙone a janareto, wannan ya saya da araha. Wasu kamfanonin suna sa wata siririyar allura a tsakiyar bakin caja, ta nan na'ura take gane ko cajar tata ce da kuma ƙarfinta. In ba ta gane ba, ko aka ba ta mai wat 45 alhali 65 ko 90 take so, sai ta rage gudun kanta, wani lokaci ma ta ƙi cajin batir. A garin da wuta ke zuwa tana komawa, caja ke fara mutuwa, kuma ba kowa ke kawo ta cikin lissafi ba, tunda fitilarta na kamawa. Ya aro ta wani abokin aikinsa muka gwada, ta miƙe. Sakamakon yaran dai sai da ya sake shigarwa daga takarda.

Tawa matsalar daban ce. Tun daga kunnawa take nauyi, da safe ko da rana, da caja ko babu. A Task Manager layin faifan ajiya ne yake cike, kashi 100, furosesa kuwa na zaune ba aikin fari bare na baƙi. Tsohon faifai ne mai juyawa sau 5,400 a minti, ga Windows 10 da ba ta gajiya da karatu da rubutu a bayan fage. A nan sai a yi hattara. In ana jin wani ƙas-ƙas a ciki, ko kwafe fayil yana tsayawa a hanya, faifan ne ke mutuwa, kuma aikin farko shi ne kwashe takardu zuwa wani wuri. Akwai manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, da ke karanta rahoton da faifan ke ajiyewa kan lafiyarsa: shuɗi lafiya lau, rawaya a shirya, ja an makara ko an kusa. Yi wa faifai mai rawaya fomatin ƙara masa wahala ne kawai. Na cire nawa na sa SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa. Kunnawar da a da nake barinta in je in yi alwala in dawo, yanzu kafin in gyara zama ta gama.

Ram ba ta da dogon bayani. Faifai rumbu ne, ram kuwa tabarmar da ake baza hatsi a kai. In tabarmar ƙarama ce, sai a yi ta zarya zuwa rumbu. Gigabayit 4 da shafuka goma na Chrome ba sa zama lafiya. Na ƙara zuwa 8, sai dai a tabbatar da irinta kafin a saya, don DDR4 ba ta shiga gurbin DDR3.

Bairos ma akwai shi, ban ce babu ba. Wanda ya addabi masu sana'ata shi ne mai bin filas, ya ɓoye fayiloli ya bar hotunansu na bogi. Amma na fi cin karo da na'urar da aka loda wa magungunan bairos biyu ko uku suna faɗa da juna, ga tarin manhajoji da ke tashi tare da Windows ba tare da an kira su ba. Cire su aikin minti kaɗan ne, kuma ba takarda ɗaya da za ta ɓace.

Akwai inda dabara ke ƙarewa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman furosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama, da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Tawa ba ta cikin wannan sahu. Na ga waɗanda suka tilasta wa irinta Windows 11, ni ban yi ba. Na raba SSD ɗin gida biyu: wani tsarin daban mai suna Linux Mint don shiga intanet da rajistar ɗalibai, Windows 10 kuma na bar ta don firinta da Word, ba na haɗa ta da data.