Alƙahirar Ɗalibai: Daga Tukunyar Tuwo Zuwa Kabarin Suyuɗi

Alƙahirar da ɗalibi ya sani ba ta da faɗi. Birni ne mai mutum fiye da miliyan 20 idan aka haɗa da kewayensa, amma yawancinmu da muka zo karatu daga ƙasar Hausa a kan wata siririyar hanya muke rayuwa: daga ɗaki zuwa aji, daga aji zuwa layin sabunta takardar zama, daga nan a koma ɗaki. Na san wanda ya shekara shida a nan, ya karɓi shahadarsa ya koma gida, bai taɓa tsayawa a bakin Kogin Nilu ba sai abin da ya hango ta tagar mota. A gida ana yaba wa irinsa da kamun kai. Ni kuwa ina ganin ya bar wani kaso na karatunsa a baya, kaso mai yawa ma, kuma iyayen da ke aiko da kuɗi sun cancanci su ji dalili.

Wanda ya samu gurbin tallafi na Azhar yakan zauna a Madinatul Bu'us, unguwar ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, inda ake ba da ɗaki da abinci. Sauranmu haya muke yi. Mu biyar ne a wani gida a hawa na huɗu a Hayyul Ashir, can gefen Madinatu Nasar, inda za ka yi tafiyar minti goma ka ji Hausa da Somaliyanci da yaren Indonesiya kafin ka ji Larabci. Akwai Bakatsine, wanda shi ne babbanmu, muna ce masa Yaya Malam. Akwai ɗan Damagaram, da ɗan Zangon Kumasi mai karatun likita, da wani yaro ɗan Gombe da bai daɗe da zuwa ba, sai ni. Biyu daga cikinmu 'yan ɗarika ne, biyu 'yan Izala, na biyar kuma ya ce shi ɗan tuwo ne. A gida da wuya a ce mun zauna inuwa ɗaya. A nan tukunya ɗaya ta haɗa mu, kuma jadawalin girki da ke manne a ƙofar kicin ya fi kowace muhawara ƙarfi.

Abinci shi ne darasin farko. Kowane sabon zuwa, kafin a tambaye shi lafiyar mutanen gida, sai an leƙa jakarsa: kuka, daddawa, yaji, kuɓewa busasshiya, in an yi sa'a har da kilishi. Ana lallaɓa su kamar magani. Amma sannu a hankali mutum yakan gane cewa kasuwar Masar ba baƙuwa ba ce ƙwarai. Mulukiyyar da Misirawa ke alfahari da ita lalo ne. Karkade zoɓo ne. Tamar hindi tsamiya ce, kuma goruba da muke gaigaya muna yara su jiƙa ta suke yi su sha, suna ce mata dom. Da safe wake ne da gurasa, da rana koshari, wato shinkafa da taliya da wani ɗan wake mai faɗi da soyayyar albasa a kwano ɗaya, abincin da ya riƙe ɗalibai da leburori shekara da shekaru. Ranar Juma'a kuwa tuwo ne, ko da na garin alkama ne, don kada a manta da asali.

Kuɗi shi ne darasi na biyu, kuma ya fi ɗaci. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, abin da uba ke aikowa ya zube tun kafin ya bar Kano. A watan Maris na 2024 Masar ma ta saki fam ɗinta, dalar Amurka ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50 a yini ɗaya, kayan masarufi suka bi ta. Ga yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro dubban ɗaruruwan mutane zuwa Masar, haya ta yi tsada a unguwannin da baƙi ke zama. Saboda haka idan Yaya Malam ya ce, "Karatu aka turo ku, ba yawon buɗe ido ba," ba maganar banza yake yi ba. Ya san yadda mahaifinsa ke haɗa kuɗin, buhu nawa na masara ake sayarwa. Da ƙyar muka shawo kansa aka yi yarjejeniya: Juma'a ɗaya a wata za a fita, kowa ya riƙa ajiye canjin mota a wani gwangwanin madara, kuma ba za a tilasta wa kowa ba. Shi dai ya ce a cire shi.

Fita ma sai da harshe. Mun zo da Larabcin littafi, muna taƙama da Alfiyya, sai muka tarar direban ƙaramar bas ba ya jin mu, mu ma ba ma jin sa. Jimun ta koma "ga", ƙafun ta ɓace gaba ɗaya. Ka yi wa mai shago magana da i'irabi cikakke, ya yi murmushi ya ce maka "sadaƙallahul azim", kamar ka gama tilawa. A cikin motar nan aka koya mana harshen gari, inda kuɗin mota ke bin hannu hannu daga kujerar baya har ya isa ga direba, canji kuma ya dawo ta hanyar da ya bi, ba a rasa ko sisi. Na daɗe ina mamakin wannan amana a birnin da dillalin gida zai iya cin kuɗinka ido na ganin ido.

Dalar Giza muka fara zuwa, domin ita ce kowa zai tambaya idan an koma gida. Babbar cikinsu, ta Fir'auna Khufu, ta kai kimanin shekara 4,500, kuma tsawonta na asali mita 146 ne. Mu da muka tashi da hoton dalar gyaɗa ta Kano a littafin firamare, sai da muka tsaya a gindinta muka ga dutse ɗaya ya kusa kai mana kafaɗa sannan muka yi shiru. Katin ɗalibi yana rage kuɗin shiga, amma ba ya kare ka daga masu raƙuma, waɗanda hawa a wurinsu arha ne, sauka ce mai tsada. Ɗan Damagaram, wanda ya girma cikin raƙuma, ya duba haƙoran wani ya gaya wa mai shi shekarunsa daidai, daga nan aka ƙyale mu. Ban ce wurin bai burge ni ba. Amma abin kallo ne na kowa da kowa, Bajamushe da Bajapane da mu duk ɗaya muke a gabansa.

Haka ma gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a watan Afrilun 2021. Ɗan Gombe ya tsaya a kan Ramsis na Biyu ya ƙi motsi, yana tambaya ko shi ne Fir'aunan Annabi Musa. Mutane da yawa suna faɗin haka, masana kuwa ba su tabbatar ba. Abin da ido ya gani dai tsoho ne siriri mai ƙugiyar hanci da sauran gashi a ƙeya, kwance cikin gilashi, yara 'yan makaranta suna wucewa ta kansa.

Ba zan ɓoye wani abu ba, domin mai niyyar turo ɗansa ya kamata ya sani. Baƙar fata a titin Alƙahira yakan ji kalmomi. Yara sukan bi ka da kiran "samara" ko "shukulata", wani lokaci har da manya. 'Yan'uwanmu mata sun fi shan wannan, shi ya sa da yawansu ba sa shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa sai a taragon mata. Wannan na cikin abin da ke mayar da ɗalibi ɗaki ya kulle kansa. A titin nan guda kuma za ka haɗu da tsohuwar da za ta ji kai ɗan Azhar ne ta ce a yi mata addu'a, ko mai teburin buɗa-baki a watan azumi da zai riƙe maka hannu ya rantse sai ka zauna ka ci. Duka biyun Masar ne, kuma wanda bai fita ba na farkon kaɗai zai sani, domin shi ne ke biyo mutum har ƙofar gida.

Inda tafiyar ta canza mini ita ce ranar da muka bi lungunan bayan masallacin Azhar. Mun saba zuwa masallacin, wanda Faɗimiyyawa suka fara ginawa a shekarar 970, amma sallah muke yi mu fita ta ƙofar da muka shigo. A bayansa akwai Darbul Atrak, lungun masu sayar da littattafai, inda ɗaliban Malesiya da Senegal ke ciniki da kwali kwali. Ka ƙara 'yan taku sai ga wani ƙaramin masallaci, a ciki kuma kabarin Shehu Ahmad Dardir, mai Aƙrabul Masalik, wanda ya rasu a 1786. Na karanta littafin nan a zauren malaminmu ina zaune a kan buzu, kuma a lokacin sunan mawallafin bai fi mini sunan tauraro ba, abu ne can sama wanda ba shi da unguwa. Ga shi ashe yana da lungu, yana da maƙwabta, akwai mai sayar da ruwan rake a kusa da ƙofarsa.

Daga nan sai lissafi ya fara zuwa da kansa. Ishmawi da muka fara da shi Bamisire ne. Mai Iziyya Bamisire ne. Shehu Halil mai Mukhtasar, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka yi ƙarnoni suna hukunci da shi, a wannan birni ya rayu ya koyar. Jalalaini da ake fassarawa a kowane masallaci idan azumi ya kama, Jalaluddini biyu ne na Alƙahira suka rubuta shi. Rabin akwatin littattafan malamin zaure daga waɗannan lunguna ya fito. Kuma hanyar ba ta kasance mai zuwa ɗaya ba. Maƙrizi ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ, wadda mutanen Kanem suka ba da kuɗin gina ta a ƙarni na 13 domin masu zuwa daga ƙasarsu. A cikin Azhar kanta a da akwai ruwaƙin Barnawa, sashen da aka keɓe wa ɗaliban Barno. Mansa Musa ya ratsa birnin a 1324 da zinariyar da ta karya farashi. Yaron da ya kira ni "samara" bai san wannan ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, tun da mu ma da abin ya shafa ba mu sani ba sai da muka taka da ƙafa.

Wata Juma'ar muka je masallacin Sultan Hasan, wanda aka fara ginawa a 1356, mai rumfuna huɗu manya, kowace mazhaba da makarantarta a kusurwa. 'Yan ɗarikarmu da 'yan Izalarmu suka tsaya a tsakar gidan suna kallon yadda aka haɗa Malikiyya da Shafi'iyya da Hanafiyya da Hambaliyya a gini ɗaya, da wurin alwala ɗaya a tsakiya. Babu wanda ya ce komai a kai. Ɗan tuwo ne kawai ya yi tari da gangan.

Labarin Suyuɗi ne ya fitar da Yaya Malam daga ɗaki. Ɗan Kumasi ya karanto cewa Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasar Takrur, kuma ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas a cikinta. Yaya Malam ya ajiye cokali ya ce, "Katsina tamu?" Aka ce masa ita fa. Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko kabarin yana da nisa.

Ba shi da nisa. Yana cikin Ƙarafa, tsohuwar maƙabartar da ke kudu da ganuwar Salahuddin, kusa da dandalin Sayyida A'isha. Maƙabarta ce da rayayyu ke zaune a cikinta, ana shanya tufafi tsakanin kaburbura, yara na buga ƙwallo. A 'yan shekarun nan an ratsa wasu sassanta da sababbin tituna da gadoji, an kwashe kaburbura da dama, don haka wanda ya ce sai wani lokaci zai zo ba shi da tabbacin abin da zai tarar. Tun a mota aka yi sharaɗi saboda 'yan Izala: sallama da addu'a ga mamaci kawai, ba shafa bango. Kowa ya yarda. Ginin ƙarami ne, mai ƙubba, ba shi da adon da sunan mai shi zai sa ka zata. Wani dattijo ya fito da makulli ya buɗe mana. Da ya tambayi daga ina muke, Yaya Malam ya riga kowa amsawa, bai ce Nijeriya ba, ya ce Katsina, ya kuma maimaita a hankali don dattijon ya riƙe.

Mun ƙarasa da ƙafa zuwa ƙubbar Imam Shafi'i, muka yi la'asar a can. A hanyar dawowa, muna cikin bas ana miƙa kuɗi hannu hannu, Yaya Malam ya juyo ya tambayi ɗan Kumasi ko gaskiya ne kabarin Busiri mai Burda yana Iskandariyya, a bakin teku. Aka ce masa haka ne. Ya ce to a bincika nawa ne kuɗin jirgin ƙasa a taragon talakawa, kuma daga wannan watan a riƙa kawo masa gwangwanin shi ma ya saka nasa.