Tayar da Ta Mutu da Zanenta

A Amurka idan aka canza maka taya a shago, ba mai ba ka ko sisi a kan tsohuwar. Kai ne ma za ka ƙara musu 'yan daloli kan kowace ɗaya don su kwashe ta. Wannan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, amma bai kai abin da na tarar wurin masu wasan otokuros ba. Mutum ne zai zuba dala 800 ko 1,000 kan tayoyi huɗu a watan Afrilu, kafin Oktoba ya cire su ya jingine a gareji, ya ce sun mutu. Ka duba ka ga zane yana nan, waya ba ta leƙo ba, ko faci ɗaya babu. Da a Ƙofar Ruwa ko Panteka aka sauke su, da sai an yi layi. Duk lokacin da na ga irinsu a jibge, direbobin hayarmu nake tunawa, da abin da suke ɗora rayukan fasinja a kai daga Kano zuwa Maiduguri.

Otokuros ba tsere ne na motoci kafaɗa da kafaɗa ba. Fili ake samu, ko wurin ajiye motoci na filin ƙwallo ko tsohon filin jirgin sama, a jera robobin nan masu tsini da ake tare hanya da su, a fitar da hanya mai yawan kwana. Mota ɗaya-ɗaya ake saki, agogo na ƙirga mata. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti guda ba, gudun kuma da wuya ya haura kilomita 100 a awa, yawanci a giya ta biyu ake gamawa. Ka ture roba ɗaya, a ƙara maka daƙiƙa 2. Ƙungiyar SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ce uwa a harkar, kuma kowane Satumba tana tara direbobi sama da 1,000 a filin jirgin sama na Lincoln da ke jihar Nebraska don gasar ƙasa. Da motar da kake zuwa aiki za ka iya shiga, hular kwano ma aro ake bayarwa ga baƙo. A nan kam na yi kishi. Samarinmu da ke wasan mota a bikin aure, suna juya ta a tsakiyar titi jama'a na gefe, da yawansu suna da hannu. Fili ne babu, da agogo, da wanda zai duba motar kafin a sake ta.

Dalilin mutuwar tayar shi ne zafi. Robar waɗannan tayoyi mai laushi ce, an yi ta don ta manne wa ƙasa idan ta ɗumama. Duk sanda ta yi zafi ta huce, sai ta ƙara tauri kaɗan. Bayan ta sha wannan sau da yawa, zanen yana nan amma riƙon ya tafi, motar ta fara zamewa a kwanar da a da take shiga ba gardama. A wasan da ake rabuwa da rabin daƙiƙa, wannan taya ta gama aiki. Hankalina ya karɓi bayanin. Zuciyata ce har yau ba ta yarda a kira abin da ke da zane matacce ba.

Wanda zai fara, ya fara sanin ajin da motarsa ta faɗa kafin ya taɓa aljihu, domin aji ne ke yanke irin tayar da rim ɗin da aka yarda da su. Ajin da ake kira Street shi ne na motar da ba a yi wa aiki sosai ba, kuma nan baƙo ya fi dacewa. A jikin kusan kowace tayar ƙaramar mota da ake sayarwa a Amurka akwai lambar da ke nuna jimirinta ga suɗewa. Tayar gida ta yau da kullum tana iya ɗauke da 500 ko 700. A wannan aji ba a yarda da ƙasa da 200 ba, don haka kamfanoni suka yi ta fitar da tayoyi masu lamba 200 cif, mafi laushin da doka ta bari: Bridgestone Potenza RE-71RS, Yokohama Advan A052, Falken Azenis RT660. Akwai na tsere zalla irin Hoosier A7, waɗanda suka fi tsada kuma suka fi saurin ƙarewa, amma da ka ɗaura su an fitar da kai daga ajin, an haɗa ka da motocin da aka kashe wa dukiya.

Shawarata ita ce kada ka sayi ko ɗaya a shekarar farko. Je ka da tayoyin da ke jikin motarka. Tayar gida tana kuka tun kafin ta saki, kukan nan kuwa shi ke gaya maka ka shiga kwana da gudu fiye da kima ko ka murɗa sitiyari da yawa. Mai laushi tana rufa wa direba asiri, ta shanye kurakuransa, shi kuma ya cinye kafaɗarta cikin 'yan makonni bai koyi komai ba. Dala 1,000 ta isa ta biya maka kuɗin shiga na shekara guda har da canji, kuma zama bayan sitiyari shi ke rage daƙiƙu a farkon tafiya.

Abin da za ka saya shi ne gejin iska mai kyau, da ƙaramin famfo, da alli. Tayar gida tana da taushin gefe, idan aka matsa mata a kwana sai ta kwanta kan kafaɗa. Don haka ake ƙara mata iska sama da abin da aka rubuta a ƙofar direba. Idan an rubuta 32, kana iya farawa daga 38, muddin ba ka haura iyakar da ke jikin tayar ba. Sai ka ja layin alli daga zane zuwa gefe a wurare biyu ko uku. Bayan zagaye ka duba inda allin ya goge. Idan ya goge har ya gangaro gefe, ƙara iska. Idan bai kai bakin kafaɗa ba, rage kaɗan. Iska tana hawa da kanta yayin da taya ke zafi, saboda haka ka riƙa aunawa tsakanin zagaye da zagaye. Kafin ka kama hanyar gida kuma ka mayar da ita yadda take.

Batun rim gajere ne a wannan aji. Faɗinsa dole ya zama daidai da na kamfani. Girmansa kana iya ƙara inci ɗaya ko ka rage ɗaya. Yadda yake shigewa ciki ko fitowa waje kuma bai kamata ya bambanta da na asali da fiye da milimita 7 ba. Kada kyau ya ruɗe ka, mara nauyi ake nema, shi ya sa za ka ga Enkei RPF1 a kan motoci da yawa a fili. Ƙaramin rim sau da yawa ya fi sauƙin nauyi, tayarsa ma ta fi araha, in dai birki zai shiga cikinsa. Ka tabbatar ramukan noti sun yi daidai: tsofaffin Mazda Miata huɗu ne a kan milimita 100, Accord da Camry na zamani biyar ne a kan 114.3. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi rim huɗu na kamfani na hannu, irin na motarka, ka ajiye su don wasa. Noti kuma da sifana mai awo ake ɗaure shi, kowace mota da adadinta a littafinta. Ba a hawa kan sifana da ƙafa.

Duk da haka ina kewar mai facin unguwarmu. Da ƙarfe biyu da guduma zai cire taya daga rim ya mayar kafin ka gama shan ruwan leda, kuma kuɗinsa ba ya sa ka tunani. A nan ɗaura taya ɗaya da yi mata balansin sai ya ci dala 20 ko 30, kuma sai ka jira layi. Idan ƙusa ta shiga kusa da kafaɗa ko a gefe, ba za su taɓa ta ba, sabuwa za su nuna maka. Tsakiyar zane kaɗai suke yi wa faci, shi ma in ramin bai wuce milimita 6 ba. Na sha jin haushin wannan. Sai dai ranar da ka tsaya a gefen fili kana gyara robobi, domin duk mai wasa sai ya yi aikin fili, ka ga yadda gefen taya ke lanƙwashewa a ƙarƙashin mota a tsakiyar kwana, za ka gane me ya sa suke ƙi.

Inda tarbiyyar gida ke amfani shi ne sayen na hannu. Waɗanda ke neman kofi suna sauke tayoyinsu da sauran rai, su sayar da arha ko su bayar kyauta, kuma ga mai shekara ta biyu a wasa waɗannan sun wadatar. Mu da muka tashi muna juya tayar Beljiyam muna leƙa cikinta mun san inda ake duba faci da kumburi da tsaga. Abin da za ka ƙara shi ne karanta shekarunta. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta daɗe tana wa'azi a kan wannan lamba, amma tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas, mai mota a gida abin da ya shigo kasuwa yake saya, kuma aljihu ne ke zaɓa. Ka kuma danna robar da farce, ka tambayi mai ita shekara nawa ya yi da ita da inda ya ajiye ta.

Wurin ajiyar yana da muhimmanci saboda sanyi. Waɗannan tayoyi masu lamba 200 na lokacin zafi ne. Idan sanyi ya sauko kusa da daskarewar ruwa ba sa riƙe hanya, robar ma tana iya tsagewa idan aka taka ta a daskare. A jihohin arewa irin su Ohayo da Mishigan, da kaka ta ƙare ake cire su, a wanke, a sa kowace a babbar leda, a shigar da su cikin gida nesa da rana da injin ɗumama ɗaki. Kafin ka cire, rubuta a jikin kowace da alli inda ta fito, gaba ko baya, dama ko hagu, domin idan bazara ta dawo ka mayar da na gaba baya, musamman a motar da ke ja da ƙafafun gaba, wadda ke cinye su ninkin na baya.