Hamza a Idon Manhaja

Manhajar da ake rubuta umarnin kwamfuta a cikinta ba ta fahimtar ma'ana, domin alamomi take bi ɗaya bayan ɗaya, tana rarraba su da launuka bisa ƙa'idar harshen da aka zaɓa. A harshen Python, 'yar alamar saman nan da Hausa ke nuna hamza da ita tana buɗe zance kuma tana rufe shi, saboda haka idan aka rubuta sa'a tsakanin irinta biyu, sai manhajar ta ɗauka zancen ya ƙare a tsakiyar kalma, launin sauran layin ya rikice. Karkatacciyar sandar da ake sawa kafin hamzar, wato \, ita ce ke shaida mata cewa harafi ne. Ya kamata a koya wa ɗalibi Bahaushe wannan tun darasin farko.