Busasshiyar Bishiya Ma Gidan Wani Ce

Duk wanda ya ji an ambaci Jibiya, abu uku ke faɗo masa a rai: shinkafa, shingayen kan hanya, da labarin 'yan bindiga. Ni ɗan garin ne, kuma ba zan musa ko ɗaya ba. Amma yau so nake in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wani mazaunin garinmu da ba a sa shi a rediyo, wato maƙwaƙƙwafi, tsuntsun nan da ke manne wa jikin bishiya yana saran ta da baki kamar masassaƙi.

Abin da ya sa na fara kula da shi, wani abokin ɗakina ne mai son kallon bidiyon tsuntsayen Amurka a waya. A can, mutane sun rarrabe maƙwaƙƙwafansu ɗaya bayan ɗaya. Akwai biyu masu fari da baƙi da suka yi kama kamar Hasan da Husaini, sai da tsawon baki ake gane su. Akwai wani mai jan tukku, girmansa ya kusa na hankaka, raminsa mai kusurwa huɗu ne. Akwai mai huda dubban ƙananan ramuka a jikin bishiya yana cusa 'ya'yan itatuwa, ya mai da ita rumbu. Mu kuwa suna ɗaya muka yi musu jimla. Sai na ce, to namu fa, kala nawa ne?

Kafin a kai ga kala, ga yadda ake gane dangin gaba ɗaya, waɗanda yawan ire-irensu a duniya ya haura 200. Ba ya zama a kan reshe kamar kurciya, a tsaye yake manne wa kututture. Yatsunsa biyu na duban gaba, biyu na duban baya, ga wutsiya mai tauri da yake dogarawa kamar sanda. Harshensa dogo ne ƙwarai, da shi yake zaƙulo tsutsa da tururuwa daga cikin ɓawo. In ya tashi kuwa, ba ya tafiya miƙe: ya kaɗa fiffike ya yi sama, ya naɗe ya yi ƙasa, haka har ya sauka. Sau da yawa ma kunne ke riga ido ganinsa.

Wanda na fi gani a wajenmu shi ne mai tokar kai, wanda masana ke kira Dendropicos goertae. Tsawonsa kamar santimita 20, kai da ƙirji ruwan toka, baya kore-kore, gindin wutsiya ja. Namijin na da jar hula, macen ba ta da ita. Ba ya gudun mutane sosai, ana ganinsa har cikin lambuna.

Na biyu shi ne mai ɗigo-ɗigo, Campethera punctuligera. Ya ɗan fi na farko girma, bayansa kore, ƙirjinsa cike da ƙananan ɗigo baƙaƙe kamar an yayyafa masa tawada. Namijin, ban da jar hula, yana da jan layi a gefen baki kamar gashin baki. Tururuwa da gara ne abincinsa, shi ya sa yakan sauko har ƙasa.

Sai ƙanana guda biyu, kowanne girmansa bai fi na gwara da yawa ba. Ɗaya ɗan Sahel ne, mai kalar ƙasa-ƙasa da jan gindin wutsiya. Ɗayan mai launin ƙasa a baya, shi ba shi da wannan jan. Ka ga ke nan in ka hangi ƙarami yana tashi, gindin wutsiya za ka duba. Akwai kuma wani baƙo ɗan danginsu, Jynx torquilla, da ke tasowa daga Turai ya ƙetare Sahara ya yi hunturu a ƙasashenmu. Kalarsa kamar ɓawon bishiya, ba ya haƙa rami da kansa, in ya tsorata sai ya riƙa murɗa wuya kamar maciji.

Wannan baƙo na ba ni dariya in na tuna halin da muke ciki a Magama. An rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, sai a Maris ɗin 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Duk tsawon wannan lokaci tsuntsu na karyawa a Jibiya ya yi ƙailula a Ɗan Isa, ba fasfo ba takardar kwastan. Haka kogin Gada ke fita daga dam ɗin Jibiya ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi. Abin da ke tsayar da maƙwaƙƙwafi ɗaya ne tak: rashin tsohuwar bishiya.

Dalili kuwa, a cikin busasshen reshe ko ruɓaɓɓen kututture yake haƙa ramin da zai yi ƙwai, a nan kuma tsutsar da yake ci ke zama. In ya tashi daga ramin, wasu su gaje shi: tsirya, ƙananan mujiyoyi, da sauran masu son rami amma ba su iya haƙawa. Shi ne maginin unguwa, kuma ba ya karɓar kuɗin haya. To busasshen nan shi ne abin da gatari ke fara nema. Da aka rufe iyaka, na ga da idona yadda samarin da ke cin abinci da dako da acaɓa suka koma sayar da itace da gawayi. Ba na zargin kowa, ciki ba ya jiran a buɗe boda. Amma da yake shiga daji ya zama kasada, sai saran ya dawo kan bishiyoyin gefen gari da na gonaki.

A gonar kawuna akwai wani tsohon gawo mai busasshen reshe guda, da ramuka uku a jikinsa. Wani hutu na same shi ya ɗauko gatari. Na ce, "Kawu, don Allah a bar wannan, akwai masu gida a ciki." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, bokon naka har ya kai ga tsuntsaye? To da me innarka za ta dafa tuwo?" Gaskiya ya faɗa. Muka yi ciniki: na sassabe masa rassan bedin bakin gona, wanda ko an sare shi yake sake tohowa, shi kuma ya bar wa gawon reshensa. Da damina ta zo, shi da kansa ya kira ni a waya ya ce, "Mutanenka fa sun yi 'ya'ya."

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna abin na yiwuwa. Tun daga shekarun 1980 manoma a can suka riƙa barin tohon kututture a gona, su zaɓi mai ƙarfi su rage sauran, har ya zama bishiya. An ƙiyasta wannan dabara ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da dasa sabon iri ba. Manomi ya sami itace da abincin dabbobi, tohon yau kuma shi ne tsohon gawon da maƙwaƙƙwafi zai haƙa nan da shekaru.

Amurkawan ma da muke sha'awa, da tsada suka koyi darasin. Maƙwaƙƙwafinsu mafi girma, mai farin baki kamar hauren giwa, ganin ƙarshe da kowa ya yarda da shi an yi shi ne a 1944 a jihar Luwiziyana, lokacin da ake sare dajin da yake ciki. A 2021 hukumar namun dajin ƙasar ta kawo shawarar a ayyana shi cikin waɗanda suka ƙare. Su aƙalla sun san sunan abin da suka rasa. Mu in namu ya tafi, wa zai lura?

Don haka ga roƙona, 'yan'uwa. Ba na cewa kowa ya shiga dajin Rugu neman tsuntsu, rai ya fi komai. Cikin makarantar nan ma ya isa. Bayan sallar asuba, kafin hayaniya ta tashi, ka tsaya gindin tsamiya ko bagaruwa ka kasa kunne. In ka ji ƙwas-ƙwas, duba abu uku: girma, kalar kai, da gindin wutsiya. Ka rubuta rana da wuri da irin bishiyar. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos na tattara irin wannan bayani daga 'yan sa-kai domin taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma wayar hannunka ta isa ka shiga. Masu karanta gandun daji da aikin gona, ga batun furojet a ƙofar gida. In kuma kun je hutu kuka ga busasshen reshe mai rami, ku nemi alfarma a wurin iyaye cikin ladabi, ku kawo musu madadinsa.

Allah Ya ba yankinmu zaman lafiya, Ya sa 'ya'yanmu su ji wannan sara da kunnensu.