Gam Ɗin da Muka Zaɓa wa Jirginmu

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Daura ya san motar kara. Da an yanke gero da dawa sai ka ga yara a gindin bishiya da reza, suna feƙe sille suna soka shi cikin totuwa, kafin la'asar an ƙera mota, wani lokaci har da jirgin sama mai fukafukai. Babu ƙusa, babu gam. Abu ɗaya ya gagari jirgin kara, shi ne tashi. Wannan ne 'yan ƙungiyarmu ta JETS, watau ƙungiyar ƙananan injiniyoyi da masu kimiyya, suka sa a gaba bana. Da yake ni aka ɗora wa kula da ƙungiyar, kwamitin wannan mujalla ya nemi in ba da labarin aikin. Na ga ya fi kyau in tsaya kan gam, domin a nan ne muka fi daɗewa muna gardama, kuma a nan ne kuɗinmu ya tafi.

Jirgin da muka tsara ba shi da inji. Irin wanda ake cillawa ne ya yi shawagi a kan iska, faɗinsa daga bakin wannan fiffike zuwa wancan mita ɗaya da rabi. Fukafukan mun yanko su daga farar kumfar nan mai tauri da ake tokare firiji da ita a cikin kwali, za a lulluɓe su da ƙyallen faiba, wanda aka saƙa da zaren gilas. Gangar jikin kuwa za a yi ta ne ɓari biyu a cikin mazubi, sa'an nan a haɗe. Shi ƙyallen faiba in ka riƙe shi laushi gare shi kamar mayafi. Sai an jiƙa shi da ruwan gam, gam ɗin ya daskare, sa'an nan su biyun su zama abu ɗaya mai ƙarfi marar nauyi. Zaren ke ɗaukar wahala, gam ke riƙe zaren a inda aka ajiye shi. Manyan jirage ma haka ake yi musu. A Jamus aka fara tayar da jirgin shawagi na faiba a 1957, kuma kimanin rabin nauyin jikin Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, irin wannan haɗi ne na zare da gam, sai dai mafi yawan nasa zaren na kabon ne.

Ƙungiyar iyaye da malamai ta taimaka mana da kuɗi, amma an gaya mana a fili cewa sau ɗaya ne. Kayan nan kuwa sai an bi hanyar Kazaure an je Sabon Gari a Kano. In muka sayo wanda bai dace ba, babu jirgi, kuma aikin da yara goma sha huɗu suka yi tun zangon farko ya tashi a banza. Saboda haka na ce ba za a kashe ko sisi a kan babban gwangwani ba sai mun gwada kaɗan-kaɗan.

Na fara da tambayarsu yadda ƙaro yake kamawa. Kowa ya sani: a jiƙa shi, a shafa, ruwan ya ƙafe, ya kama. In ruwa ya sake taɓa shi sai ya saki. Gam ɗin da ake kira ifoksi ba bushewa yake yi ba. Ruwa biyu ne, uwar gam da abin daskararwa, in an gauraya su sai ƙwayoyinsu su sarƙe da juna har su zama dunƙule ɗaya, ko da a cikin rufaffiyar kwalba ce. Wani masani a Suwizalan mai suna Pierre Castan ya gano shi a shekarun 1930 yana neman abin yin haƙoran roba, daga baya kamfanin Ciba ya fito da shi kasuwa da sunan Araldite wajen ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Shi ya sa har yau masu gyara da yawa suke kiran kowane gam mai bututu biyu da wannan suna.

Shi wannan mai bututu biyu, wanda yake kamawa cikin minti huɗu ko biyar, shi yara suka fi so. Yana da arha, ana samunsa a shagunan kayan babur a nan cikin gari, kuma ba ya sa mutum jira. Wata ɗaliba 'yar aji biyar ta ce mini, "Malam, ai duk ifoksi ne, me zai sa mu je Kano?" Tambaya ce mai kyau, na kuwa bar gwaji ya ba ta amsa. Muka shimfiɗa ƙyalle kamar tafin hannu, ta kwaɓa, ta fara shafawa. Kaurinsa kamar zuma a lokacin sanyi, ya ƙi ratsa zaren, kafin ta kai tsakiya burushin ya sandare a hannunta. An yi shi ne don liƙa abin da ya karye, ba don jiƙa ƙyalle ba. Bai tashi a banza ba, mun yi amfani da shi wajen kafa ƙananan abubuwa kamar ƙugiyar cillawa.

Na biyu shi ne foliyesta, ruwan faiban da masu gyaran jikin mota suke aiki da shi. Wannan ya fi ja mini hankali, domin ya fi ifoksi arha nesa ba kusa ba, yana da ruwa-ruwa, yana jiƙa ƙyalle da kyau. Wani mai gyara a bakin tasha ya ɗan sam mana a murfin kwalba, Allah ya sāka masa. Muka ɗiga a kan gutsuren kumfa, muna kallo ya cinye ta ya bar rami. Akwai wani sinadari a cikinsa, wanda shi ne ke ba shi wannan wari mai hawa kai, ɗan'uwan abin da aka yi kumfar da shi ne, shi ya sa yake narkar da ita. Ban da haka yana ɗan tsukewa in ya daskare, yana iya jan siririn abu ya karkace. Da a ce gangar jiki kaɗai za mu zuba, da zai yi. Amma kuɗinmu na gwangwani ɗaya ne, kuma dole ya yi wa fukafukai ma.

Ya rage na uku, ifoksi mai ruwa-ruwa wanda ake sayarwa a gwangwani biyu, babba da ƙarami. Shi ma iri-iri ne, kuma a nan ne garinmu ya shigo cikin lissafi.

A jikin kowane gwangwani na kirki ana rubuta tsawon lokacin da mutum yake da shi kafin kwaɓin ya fara kauri. To, waɗanda suka rubuta sun auna ne a ɗaki mai digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas. Ƙa'idar da masu aikin suke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin da kusan rabi. Wanda aka ce awa ɗaya, a digiri 35 rabin awa ne. A watan Afrilu kuwa, sa'ad da Daura take haura 40 da rana, kuma ɗakin gwajinmu rufin kwano ne, da ƙyar a sami minti ashirin. Yara 'yan koyo ba su gama shimfiɗa ƙyalle a cikin mazubi a minti ashirin. Wani abu kuma, kwaɓin da kansa yana fitar da zafi. In aka bar shi da yawa a cikin kofi sai zafin ya taru, ya ƙara masa sauri, saurin ya ƙara zafi, har kofin roba ya lanƙwashe yana hayaƙi. Maganin wannan shi ne a kwaɓa kaɗan-kaɗan a juye a faranti mai faɗi. Saboda haka na dage a kan abin daskararwa mai jinkiri, ko da yake yana nufin sai an kwana, wani lokaci kwana biyu, kafin a buɗe mazubi. Yara ba su so ba. Ni kuwa a ganina wannan ne ma darasin da ya fi amfani a duk aikin.

Hunturu yana da tasa matsalar. In iskar nan ta taso daga wajen Kongolam, dare yakan yi sanyi har gam ya yi kauri ya ƙi daskarewa sosai, ƙura kuma ta zauna a kansa. A lokacin muka riƙa fara aiki da hantsi muna rufewa da kwali. Da zafi ya shigo sai muka koma da sassafe, bayan sujadar safe kai tsaye.

Akwai abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Ifoksin da ya daskare a cikin ɗaki yakan fara laushi in zafinsa ya kai digiri 50 zuwa 60. Mai karatu zai ce ai iskar Daura ba ta kai haka. Gaskiya ne, amma abin da aka ajiye a rana ya fi iska zafi, kamar yadda duk wanda ya taɓa zama a kan sirdin babur da azahar ya sani. Muka yi 'yan sanduna na faiba, wasu muka shafa musu baƙin fenti, wasu fari, muka rataya wa kowace dutse, muka ajiye su a kan kwano daga sha biyu zuwa ƙarfe biyu. Baƙaƙen suka sunkuya, fararen suka tsaya. Wannan ne dalilin da ya sa kusan duk jiragen shawagi na faiba a duniya farare ne, ba don ado ba. 'Yan ƙungiya sun so a shafe jirgin da shuɗi mai duhu irin na rigar makaranta, daga ƙarshe muka daidaita a kan fari da siririn layi shuɗi a wutsiya. Ita ranar kuma ta yi mana amfani ta wata fuska: in aka ɗumama aikin na wasu awoyi bayan ya kama, tun yana cikin mazubi, gam ɗin yana ƙarasa daskarewa, ya ƙara jure zafi. A wasu ƙasashe sai an kunna masa tanda ta musamman. Mu tsohon akwatin ƙarfe muka sa a rana.

Awo kuwa ba a yi masa wasa. Mai gyaran mota ya saba in yana sauri ya ƙara ɗigon abin daskararwa, kuma ga foliyesta hakan yana aiki. Ga ifoksi ba haka ba ne. Kamar a ce yara su jeru biyu-biyu, in ɓangare ɗaya ya yi yawa, sauran za su tsaya ba abokin riƙo, aikin ya fito da danƙo ko rauni har abada. Kuma awon nauyi dabam, awon cika dabam, sai a duba wanne aka rubuta. Shi ya sa a Kano na ƙi karɓar wanda aka ɗura a gorar ruwa ba takarda, duk da rangwamen da aka yi mini. Gam ɗin da ba a san awonsa ba ba shi da amfani a gare mu. Muka yi aiki da sikelin ɗakin gwaji da sirinji biyu, kowane da nasa gwangwani. Mun kuma auna ƙyallen kafin a jiƙa, muka kwaɓa gam daidai nauyinsa, abin da ya yi rara aka tsane da tsumma. Gam ɗin da ya wuce bukatar zare nauyi ne kawai.

Mazubin da filasta muka yi shi, muka goge, muka shafe shi da kakin goge daɓe sau biyar, kamar yadda mai masa take shafa wa tanda mai. Ina roƙon duk wanda zai gwada wannan a gida ya sa safar hannu, ya buɗe tagogi. Abin daskararwa yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin sa ba ya rabuwa da wannan ƙi. In ya taɓa fata a wanke da sabulu, kada a goge da fetur ko tina, domin suna tura shi cikin fata ne. Wajen gugar faiba kuma a rufe hanci.

Jiragen sama na farko da suka zo Kano sun sauka ne ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku na sojan Ingila, kuma fukafukansu itace ne da ƙyalle. Na gaya wa yara wannan ranar da muka buɗe mazubi, suka yi ta mamaki. Namu ya fito da 'yan ƙananan ramuka a hanci inda iska ta maƙale, muka cike su. A makon ƙarshe na zango na biyu aka cilla shi daga kan tudun bayan ɗakunan kwana, ya ratsa filin ƙwallo ya sauka kusa da raga ta can ƙarshe, fiffike bai lanƙwashe ba. Ragowar gam ɗin yana cikin kabad na ɗakin gwaji, a rufe gam, nesa da taga, an rubuta ranar saye a jikinsa. Zai isa fukafukai biyu, kuma 'yan aji huɗu sun riga sun fara zanen wanda za a sa wa farfela baɗi, in Ubangiji ya yarda.