Mai Kiɗa a Bayan Mai Wa'azi: Abin da Muka Gani a Kudancin Kaduna

Matasan ekklisiyarmu sun daɗe suna roƙon dattawa a saya musu kibod, wato ogan ɗin nan na zamani mai aiki da lantarki. Ba don waƙa kaɗai su ke so ba. Suna so a riƙa kaɗa shi a bayan Fasto sa'ad da ya ke wa'azi, kamar yadda su ke gani a talabijin. Dattawa suka rabu biyu. Waɗansu suka ce ci gaba ne, waɗansu kuwa suka ce majami'a ba gidan biki ba ce. Gardama ta yi tsawo, har waɗansu matasa suka fara zuwa sujada wani wuri dabam. Sai aka ce mu malaman makaranta biyu mu tafi Kaduna mu gano, gama gani ya kori ji.

Mun tashi daga Zariya ran Asabar da sassafe, cikin hutun damina. Muka shiga gari ta Kawo, muka bi titin Ahmadu Bello har muka wuce babban filin wasa, sai ga gada. Kogi ya cika ya yi ja wur. An ce daga kadduna garin ya sami sunansa, amma mun duba ba mu ga ko kada ɗaya ba. Mu da muka haura shekara 40 ba ma ƙetare gadar nan ba tare da tunani ba. Bayan tarzomar Fabrairu 2000 da ta Nuwamba 2002, Kirista da yawa suka kwashe kayansu suka koma kudu da kogin, Musulmi da yawa kuma suka koma arewa. Ko da ya ke har yanzu akwai Musulmi a Kakuri da Barnawa, maƙwabta da yawa da suka girma tare kogi ne ya raba su.

Da ƙetarewa sai tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda hanyar Ikko da ta Kafancan su ke haɗuwa. Daga nan muka nufi Kakuri. A nan ne aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, a zamanin Sardauna. Waɗansu masaƙu suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai kuma a 1980. Aiki ya jawo mutane daga ko'ina: Bajju, Atyap, Ham, Adara, mutanen Filato, da na Binuwai, da na Adamawa, suka tarar da Gbagyi 'yan ƙasa. Kowa ya zo da harshensa, amma Hausa ce ta haɗa su a wurin aiki da wurin sujada. Masaƙar Kaduna Textiles ta tsaya a 2002. Mun ga dogayen gine-ginenta shiru, ciyawa ta kama bakin ƙofa.

Mun sauka a gidan wani dattijo, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda ya yi shekaru yana kaɗa ogan a majami'arsu. Bayan an ba mu ruwa, sai ya kai mu ɗaki ya yaye wani tsohon zane. Ashe ogan ɗin yana nan, irin na 'yan mishan, akwatin katako mai zuga-zugi a ciki. Da ƙafa a ke taka shi ya sha iska, sa'an nan ya yi murya. Ba ruwansa da wutar lantarki. Muka ce, "Baba, a zamaninku akan kaɗa shi lokacin wa'azi?" Ya yi dariya ya ce, "'Ya'yana, in Fasto ya buɗe Littafi, ni kuwa sai in rufe murfi. Aikina Littafin Waƙoƙi ne. Amma kada ku yanke hukunci da bakina. Ku je ku ji jikana."

Da yamma muka bi hanyar Kaciya zuwa Unguwar Talabijin, inda jikan nan ya ke koyon waƙa tare da 'yan kwaya. Saurayi ne ɗan shekara 19. Da kunne ya koyi kiɗa, da kallon hotunan bidiyo a waya. Ya nuna mana kibod ɗinsu kirar Yamaha, mai madannai 61, farare 36, baƙaƙe 25. Muka roƙe shi ya bayyana mana yadda a ke bin mai wa'azi.

Ya ce, "Malam, da fari ba na taɓa kome. Mai wa'azi yana karatu, yana bayani, ni saurare na ke. In ya yi nisa, zuciyarsa ta ɗauka, sai muryarsa ta bar magana ta zauna a kan sauti ɗaya kamar mai shirin waƙa. To, wannan sautin na ke nema a hankali da yatsa ɗaya. In na same shi, shi ne do ɗina." Ya danna do, mi, so tare, ya koma kan fa, ya hau so, ya komo gida. Ya ce hannun hagu yana riƙe ƙasa, na dama kuwa yana amsawa. "Amma ba na shiga sai ya tsaya shan numfashi. Gurbin numfashinsa shi ne gonata. In ya ɗaga murya, in bi shi sama. In na riga shi hawa, na zama ni ke jan sa."

Wannan al'ada tana da asali. A 1935 wani Ba'amurke mai suna Laurens Hammond ya fitar da ogan na lantarki, mai araha a kan manyan ogan masu bututu. A 1939 wata majami'ar baƙaƙen fata a birnin Shikago, First Church of Deliverance, ta sayi ɗaya ta hannun mai kiɗanta Kenneth Morris. Masu wa'azin baƙaƙen Amurka dama sun saba ƙare wa'azi da murya mai kama da waƙa, jama'a suna amsawa. Ogan ya shiga cikin masu amsawa. Daga baya kaset da bidiyo da talabijin suka kawo mana salon, sababbin ekklisiyoyin Fentikos suka karɓe shi, sa'an nan ya bazu har cikin tsofaffin ekklisiyoyi masu sujada da Hausa.

Amma da muka yi tunani, sai muka ga abin ba baƙo ba ne ƙwarai a kunnenmu. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu ya ke iya magana. Mai kalangu yana matsa tsarkiya yana saki domin ya bi muryar mutum. Mawaƙi kuma yana da 'yan amshi. Kowa ya sani ɗan amshi ba ya shan gaban uban waƙa, ba ya kuma danne shi. Matan Zumunta da tulunansu da cakinsu sun riƙe wannan ƙa'ida tun kafin a haife mu.

Ran Lahadi da safe muka shiga wata babbar majami'a. Ba za mu faɗi sunanta ba, gama ba tsegumi ya kai mu ba. Tun daga addu'ar buɗewa kibod bai yi shiru ba. Aka karanta nassi yana kuka, aka yi sanarwa yana kuka. Da mai wa'azi ya ɗauka, sai kiɗa ya hau kansa, lasifika suna girgiza benci, jama'a suna tsaye suna sowa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Abin mamaki, mai wa'azi ya tsaya cik a tsakiyar magana, yana waiwayen mai kiɗa. Bai ci gaba ba sai da aka tada janareta. Bayan an tashi muka gai da wata tsohuwa da ta zauna kusa da mu. Muka ce, "Mama, yaya wa'azin yau?" Ta ce, "'Ya'yana, jikina ya ji daɗi. Amma in kun san littafin da aka karanta ku faɗa mini, in sa jikata ta karanta mini a gida." Kunya ta kama mu, gama mu ma sai da muka tambayi wani.

An kuma gaya mana wani abin da ya dame mu. Da ya ke masu kiɗa ba su da yawa, waɗansu majami'u suna biyansu. Yaro ɗaya yakan kaɗa a wuri biyu ko uku ran Lahadi guda, yana gudu a kan acaɓa daga wannan zuwa wancan. Ya raka wa'azi uku, amma ko ɗaya bai shige shi ba.

Da yamma muka tafi Sabon Tasha, wata ƙaramar majami'a mai rufin kwano, inda aka gayyaci jikan Baba ya taimaka. Yawancin jama'ar wurin daga arewacin kogi suka ƙauro. Fasto ya yi wa'azi a kan Yusufu da 'yan'uwansa da suka sayar da shi. Saurayin ya zauna hannu a cinya har wa'azi ya yi nisa. Sa'an nan ya shiga a hankali, ƙasa ƙasa, ba kalma ɗaya da ta ɓace mana. Fasto ya kai wurin da Yusufu ya bayyana kansa yana kuka. Sai ya ajiye Littafi ya fara ba da labarin gidansu da aka ƙone a shekara ta 2000, da maƙwabcinsu Musulmi wanda ya ɓoye uwarsa kwana biyu. Nan muryarsa ta yi rawa. Mun zaci yanzu kiɗa zai tashi. Ina! Yaron ya ɗauke hannuwansa gaba ɗaya. Majami'a ta yi tsit, ba ka jin kome sai yayyafi a kan kwano da shessheƙar wani dattijo a baya. Cikin wannan shiru Fasto ya tambayi jama'a ko akwai wanda har yau bai yafe ba. Sai da aka sunkuya domin addu'a kiɗa ya komo.

Daga baya muka tambaye shi dalili. Ya ce, "Malam, wurin nan ba nawa ba ne. Da na kaɗa, za su yi kuka saboda ni." Da muka maimaita wa kakansa wannan magana da dare, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe shi ma yana da murfi."

Littafi Mai Tsarki bai hana kiɗa kusa da Maganar Allah ba. Annabi Elisha da kansa ya sa a kirawo masa mai kiɗa kafin ya faɗi saƙon Ubangiji ga sarakuna uku. Amma Manzo Bulus ya gargaɗi Korantiyawa cewa sarewa ko ƙaho da ba a rarrabe muryarsa ba ya amfanar kowa.

Ran Litinin muka sake ƙetare gada. Ga abin da muka kai wa dattawa. A sayi kibod. Kada a kaɗa shi sa'ad da a ke karanta nassi. Muryarsa kada ta kai ta mai wa'azi, har tsohuwar da ke bencin baya ta ji kowace kalma. Mai kiɗa kuma ya zama ɗan ajin nazarin Littafi, a kula da ransa kamar yadda a ke kula da yatsunsa. Muka roƙi Fasto kuma ya shirya wa'azin da zai tsaya da ƙafarsa ko an ɗauke wuta. Dattawa suka yarda, matasa biyu daga cikin waɗanda suka tafi sun riga sun komo.

Ya ku iyaye, in Allah ya ba ɗanku ko 'yarku baiwar kiɗa, kada ku hana. Amma ran Lahadi in an zauna cin tuwo, ku tambaye shi a kan me aka yi wa'azi. A sujadar iyali ta wannan mako ku karanta 2 Sarakuna 3:11-20 da 1 Korantiyawa 14:6-12 tare.