Dutsen Sikelin Baba

A gidanmu na unguwar Yelwa a Garwa, rediyo ba ya zama shi kaɗai. Kullum akwai ƙarfe a kansa, baƙin dutsen sikeli mai kilo 2 da Baba ya ajiye tun zamanin da yake awon gyaɗa a kasuwa. Rediyon National Panasonic ne mai cin kaset, tsarabar wani ƙanensa daga Mubi. Da shi muke jin BBC da asuba, da shi ake sa Shata bayan sallar isha'i. Matsalarsa ɗaya: da an ƙara murya kalangu ya shigo, sai jikinsa ya ɗauki zuga kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani.

Ina lise lokacin, kaina cike da boko. Wata rana na ce, "Baba, wannan fa camfi ne, mai gyara za a kai wa." Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ɗaga ka ji." Na ɗaga, zugar ta dawo. Na mayar, ta ɗauke. Ya ce, "Mai gyara yana cin tuwo, dutsen nan ba ya ci."

Sai daga baya na gane abin da ke faruwa. Lasifika tana tura iska gaba, ita kuma iskar da motsin suna girgiza akwatin da aka ɗaure ta a ciki. Roba marar nauyi tana da wani amo da in an taɓo shi sai ta kama rawa da kanta, murfin batir da ƙofar kaset su riƙa karkaɗawa. Nauyi yana danne sassan da suka saki, kuma abu mai nauyi ya fi wuyar girgizawa. Ke nan Baba ba camfi yake ba. Ban taɓa gaya masa haka ba har Allah ya karɓi abinsa, kuma wannan yana cina fiye da yadda ya kamata.

A Janairun 2022 gasar cin kofin Afirka ta zo har filin Roumdé Adjia, Najeriya na wasa a garinmu. Ban samu tikitin wasansu da Masar ba, sai na huce a kan aljihuna: na sayo amfilifaya da babbar lasifika na haɗa da talabijin. Da Iheanacho ya ci ƙwallon nan, ihun filin ya fito ta lasifikar, kwanukan jeren maiɗakina suka amsa gaba ɗaya a cikin kabet, murfin amfilifayar na kaɗawa kamar faifai a iska. Ta leƙo ta ce ko dai na'urar ko kwanukanta.

Washegari na je wurin Inna na roƙi dutsen. Ta ciro shi daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohuwar hular Baba, ta ce aro ne. Na ɗora shi a tsakiyar amfilifayar, ƙarar ta mutu, na ji kamar na ci gado.

Sanyin hunturu ya rufa mini asiri. Da Afrilu ya shigo, zafin Garwa ya haura digiri 40, wata la'asar muka ji ƙauri. Ashe na toshe ramukan da zafi ke fita. Mai gyara, wanda dai ya ci tuwon a ƙarshe, ya ce in nauyi nake so in ɗinka 'yar jaka in cika da yashin Binuwai, don yashi yana shanye girgiza, ƙwayoyinsa na gogar juna, ƙarfe kuwa dannewa kawai yake yi. A ɗora a kan akwatin lasifika, ba kan abin da ke numfashi ba, a kuma yanka tsohuwar roba ta tayar babur a sa a ƙasa.

Na ba Inna labari ina neman ta tausaya. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Malam bai taɓa sa shi a tsakiya ba. Gefen dama, kan tsumma ninki huɗu. Shekara nawa kana kallo?" Sannan ta miƙo hannu, ta ce in kawo mata kayanta kafin magariba.